Kwikwiyon Maigida, Kajin Uwargida: Yadda Za a Reni Kare Ba a Ɓata Ba

A ƙauyukan Tasawa da Mayahi ba kasafai ake sayen kwikwiyo ba. Ko dai karyar maƙwabci ce ta haihu, ko abokin farauta ya ce ga ɗaya nan, ko Bafillacen da ya sauka da shanunsa a gona bayan girbi ya bayar. Maigida ya rungumo shi cikin riga, ko yara su jawo shi da igiyar kaba, sai kawai uwargida ta ga baƙo a gindin turmi yana lasar ƙasari. Ba wanda ya shawarce ta. Ranar ba a cika yin magana ba. Sai bayan wata guda ko biyu, ranar da aka tarar da gashin ɗan tsako a bakin kwikwiyon, ko aka kama shi da kai cikin kwanon tuwo, sannan abin da kowa ya haɗiye yake fitowa.

Kowannensu yana da hujja. Maigida na tunanin tumakin da ke kwana a turke, da rumbunan da ke bayan gari ba mai tsaro, da dilan da ke zagaya garke a dajin Urafan ko Gidan Amumun. In mai sha'awar farauta ne, idonsa na kan zomon rani. Uwargida kuwa kaji nata ne, jar akuyar da ta saya da kuɗin gyaɗar gamanarta tata ce, ita ta san tiya nawa aka fitar daga rumbu da kwana nawa za ta kai, ita ke wanke kwanuka, kuma ɗanta ne ke rarrafe a ƙasar da kwikwiyon zai yi kashi. Wanda ya ɗauka a kan kare kawai ake faɗa bai duba da kyau ba. Ana jayayya ne a kan wanda za a ƙara wa aiki da wanda dukiyarsa za ta shiga haɗari.

Akwai lissafin da maza ba su cika yi ba. Magidanta da yawa a wannan yanki kan tafi ci-rani da an gama kaka, wasu Kano ko Legas, wasu Agadas, wasu har Libiya, ba sa dawowa sai shuka ta gabato. Kwikwiyon da aka kawo a Nuwamba yana ɗan wata 2, kafin Yuni ya kai wata 9. Lokacin da halin kare ke kafuwa kuwa gajere ne ƙwarai. Wasu masana biyu na Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun yi shekaru suna nazarin ƴan kwikwiyo, kuma a littafin da suka fitar a 1965 sun nuna cewa tsakanin mako 3 da wajen mako 12 ne kare ke tantance wanda zai ɗauka nasa da wanda zai ji tsoro. Abin da ya saba da shi a wannan tsakani, yara ne ko awaki ko kaji ko ƙarar babur, da wuya ya dame shi daga baya. Ke nan mai zaman gida ce ke gina halin karen, ta so ko ba ta so ba, kuma maigidan da ke son kare nagari ba shi da wata hanya sai ta yardarta. Lokacin neman yardar shi ne tun kwikwiyon yana wurin uwarsa. Dama bai kamata a raba su kafin ya cika mako 8 ba, domin cikin wasa da ƴan'uwansa yake koyon sassauta cizo. Waɗannan makonni sun isa a zauna a yi shawara.

Abu na farko da za a yanke shi ne aikin da aka ɗauko karen ya yi, kuma a faɗe shi da baki. Karen farauta ana so ya bi duk abin da ya zabura, ya cim masa, ya kama. Karen tsaron dabbobi ana so ya kwanta cikin awaki, ɗan akuya ya yi ta tsalle a gabansa bai ko ɗaga kai ba. Halayen nan biyu karo suke yi da juna. Gidan da maigida ke jan fatar zomo da igiya da maraice don kwikwiyo ya bi, da safe kuma uwargida tana jifarsa da muciya don ya bi kaza, su biyun suna warware aikin juna ne, kwikwiyon kuma bai san laifinsa ba. Jini ma yana da nasa: dogon karen nan siriri mai zurfin ƙirji irin na Azawak, wanda Buzaye ke reno, gudu da bin abin da ya gani suna jikinsa. Kafin a karɓi kwikwiyo, a je a dubi uwarsa. In tana kwance kaji na tono kusa da ita, alama ce mai kyau.

In tsaron dabbobi aka zaɓa, dabarar ba ta da wuya. A Namibiya, tun 1994 ƙungiyar Cheetah Conservation Fund take raba wa makiyaya ƴan kwikwiyon wani babban kare ɗan asalin Turkiyya, kuma ana sa su cikin garken awaki tun ba su wuce wata 3 ba, su kwana da su, su tashi da su, har su ɗauke su dangi. Fulanin da ke ratsa Gulbin Kaba da garkensu ba sa buƙatar a koya musu wannan. A gida ma haka za a yi: a kafa wa kwikwiyo ƴar rumfa kusa da turken awaki, can zai ci, can zai kwana. Wannan kaɗai ya rage rabin ƙorafin uwargida, tunda ya nisanta shi da madafa. In kuwa farauta ce, to tsakar gida mai kaji ba wurinsa ba ne sai da ido a kansa, kuma maigida ya tuna Nijar na da dokar farauta ta 1998 wadda ta tsara izini da lokaci, ma'aikatan gandun daji ke kula da ita.

Sai batun addini, wanda sau da yawa shi ne ke zafafa muryoyi. Ita ta ji wa'azi a rediyo ko a waya cewa kare najasa ne, shi kuma ya ce kakanninsa da karnuka suka tashi. Abin da ya kamata su sani shi ne malamai ma sun saɓa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, kare mai rai tsarkakke ne, har miyansa. In ya sa baki a mazubin ruwa ana zubar da ruwan a wanke mazubin sau 7 don bin umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba don an ɗauke shi najasa ba. Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa najasa suka ɗauke shi, suka ce ɗaya daga cikin wankin ya zama da ƙasa. Inda aka haɗu shi ne dalilin ajiye shi. Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, ya yi gargaɗin raguwar lada ga wanda ya ajiye ba don ɗayansu ba, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ɗan Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ta tafi a kan haka. Masu sharhinta sun ruwaito cewa shi kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, abin da wasu malamai suka kafa hujja da shi kan tsaron gida in akwai buƙata ta gaske.

Hanyar da ta fi kawo zaman lafiya ita ce a ɗauki abin da ya kwantar wa mai tsananin taka-tsantsan hankali. Kare ba ya shiga ɗaki, ba ya hawa tabarmar salla, ba ya kusantar randa da madafa, yana da kaskonsa na ci da na sha waɗanda ba mai taɓawa. Maigida bai yi asarar komai ba da wannan, uwargida kuma ta samu natsuwa. In har yanzu zuciyar wani ba ta kwanta ba, su je wurin liman tare, kada ɗaya ya je shi kaɗai ya dawo da fatawa a matsayin sanda. Ita ma mai ƙyamar kare a tuna mata, cikin ladabi, da hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ƙyama ba ta halatta barin dabba ɗaure a ranar Afrilu ba ruwa ba inuwa.

Inda ake daɗewa ana ja shi ne duka. Wani lokaci maigida ne ke cewa kare sai da tsumagiya, har ya yarda da masu cewa a kulle shi cikin duhu ko a zuba masa barkono a abinci don ya yi zafi. Wani lokaci kuma uwargida ce mai saurin kai hannu ga itacen wuta, shi yana kare kayansa. A nan marubucin wannan jagora ba zai raba gaskiya biyu ba: duka ba ya koya wa kwikwiyo abin da ake so, yana koya masa tsoron hannu ne, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo. A wani bincike da Meghan Herron da abokan aikinta na Jami'ar Pennsylvania suka wallafa a 2009, cikin karnukan da masu su suka ce sun doke su ko sun harbe su da ƙafa don gyaran hali, kashi 43 cikin 100 sun mayar da martani da faɗa. A gidan da ke da yara ƙanana, wannan ba abin gwaji ba ne. Karen da aka kulle bai ga mutane ba kuwa ba ya bambanta ɓarawo da almajiri ko maƙwabciyar da ta shigo aron rariya, kuma ranar da ya ciji ɗan wani, maigida ne zai tsaya gaban mai gari. Haushi ga baƙon dare ba sai an koya shi ba. Yana zuwa da kansa in kare ya girma ya san iyakar gidansa.

To me za a yi maimakon duka? Horon na hannu ne da haƙuri. A zaɓi kalmomi kaɗan, kamar "zo", "zauna", "bari" da "fita", kuma kowa a gidan, da kishiya da yara da kakar yara, ya yi amfani da su ba canji. Kafin a ba shi abinci, lokacin da yake jin yunwa, a tsuguna da ɗan gutsuren ƙuli-ƙuli ko ƙanzo a tafin hannu. A kira sunansa a ce "zo". Da ya iso, a ba shi nan take, domin in aka yi jinkiri ko na ƴan daƙiƙu ne ba zai haɗa ladan da aikin ba. Don "zauna", a ɗaga gutsuren a hankali sama da hancinsa zuwa bayan kansa, gindinsa zai sauka ƙasa da kansa, sai a faɗi kalmar a ba shi. Minti 5 sun isa, sau biyu ko uku a wuni. Kada a taɓa kiransa da "zo" don a hukunta shi, in ba haka ba kalmar ta mutu. Mafarauci ma ya sani cewa a fiƙihu karen da ake cin abin da ya kama shi ne horarre, wanda ke tafiya in an sake shi, ya tsaya in an tsawata masa. Biyayyar da uwargida ke nema a tsakar gida ita ce maigida zai nema a dawa.

Kaji suna buƙatar aiki na musamman, kuma gara su biyun su yi shi tare. Da safe in an buɗe akurki, ɗaya ya riƙe kwikwiyo da igiya daga nesa kaɗan, ɗaya ya watsa tsaba. Hausawa sun ce in ka ga kare na shinshinar takalmi ɗauka zai yi, kuma alamar a nan a fili take: kunnuwa su miƙe, jiki ya sandare, ido ya kafe a kan kaza guda. Tun a nan ake cewa "bari", ba sai ya zabura ba. Da ya juyo ya dubi mai igiyar, a ba shi ladansa. Kullum a rage nisan kaɗan. Har sai ya wuce wata 6 ko fiye, kada a bar shi da ƴan tsaki ba kowa, domin in ya ɗanɗana daɗin kora da kamu sau ɗaya, aikin ya ninka. In an dawo daga rijiya an tarar ya riga ya yi ɓarna, dukan da za a yi masa a lokacin ba zai san na mene ne ba. Taunar takalma da tabarmi kuma ta fi tsanani tsakanin wata 4 da 6, lokacin da yake sauya haƙora. A ba shi guntun igiya mai kauri ko babban ƙashin shanu, a ɗauke takalman daga ƙasa.

Abinci ma a yi masa magana tun farko, don kada ya zama abin gori da bazara in rumbu ya yi ƙasa. Kwikwiyo na ci sau 3 ko 4 a wuni, kuma ƙanzo da dusa kaɗai ba sa gina shi. Yana buƙatar ɗan nono, da guntun nama ko kifi in an samu. Miya mai albasa da tafarnuwa da yawa tana lalata masa jini, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke shi. Adalci shi ne wanda ya kawo kare ya ware masa rabonsa daga nasa, ba daga tiyar da aka auna wa yara ba, kuma in zai tafi ci-rani ya bar abin da za a ciyar da shi. A gidan mata biyu ko uku, a fayyace ko mai girki ce ke ba shi ko kuwa wani yaro ne aka ɗora wa, don kada ya wuni da yunwa kowa na cewa ba ranarta ba ce. Da layya kuma, huhu ko hanta masu ƙurajen ruwa a binne su ko a ƙona. In kare ya ci, tsutsar da ke ciki takan dawo wa mutane da tumaki ta kashinsa. Shi ya sa ake ba shi maganin tsutsa tun yana ƙarami, ake kuma kwashe kashinsa a binne nesa da inda yara ke wasa.

Ita kanta maganar tsakanin miji da mata tana da lokacinta. Ba a yin ta a kan gawar kaza, ba gaban yara ba, ba kuma inda kishiya ko maƙwabta za su ji ta bayan darni ba. Bayan isha'i, in gida ya yi shiru, ta fi shiga. "Malam, ƴan tsakina uku ke nan suka tafi, da su nake sa ran sayen sabulu da omo" ta fi "karenka ya ishe ni" buɗe ƙofa, domin ta faɗi asara, ba ta zagi zaɓinsa ba. Shi kuma amsar da ta dace ita ce ya biya. Dukiyar mace tata ce a shari'a, kuma maigidan da ya ce "ai kaza ce kawai" ya sani ba kazar ce za a riƙe a zuci ba, rainin ne. In sun kasa haɗuwa a kan hanya, su yi yarjejeniyar gwaji: a bi ta mutum ɗaya har kasuwa biyu ta ci, ɗayan ya ba da haɗin kai da gaske, sannan a zauna a duba ko ɓarnar ta ragu. Mai shiga tsakani kuma a zaɓe shi gwargwadon tambayar, ta addini ga liman, ta lafiya ga ma'aikacin kiwo, ta dawa ga tsohon mafarauci. Surukai su zama na ƙarshe, don da sun shiga, maganar ta tashi daga kan kare.

Akwai kuma gidan da ba za a daidaita ba, misali inda kare ya taɓa cizon matar tana yarinya, har yanzu in ta ji haushi jikinta na rawa. Irin wannan tsoro ba a kawar da shi da tilas. Gara a mayar da kwikwiyon tun yana ƙarami, ko a ba makiyayi ko mafarauci ko ɗan'uwa mai zama a gona. Kai shi kasuwa a sulale a bar shi zalunci ne, kuma da irinsa ake samun karnukan da ke yawo ba mai su.

Abu ɗaya ne ba ya cikin abin da ake ja a kansa, shi ne allurar rigakafin haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duk kamuwar daga kare take. Da alamunta sun bayyana, kusan ba mai tashi. Amma tun 1885, da Louis Pasteur ya ceci wani yaro a Faransa, aka san ana iya tare ta in an hanzarta. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ko da ɗan kwikwiyon gida ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cur, kada a cusa gashin kare ko toka ko wani ganye, a tafi likita ranar nan. Karen kuma in ana iya ɗaure shi ba haɗari, a ɗaure a sa masa ido aƙalla kwana 10, a sanar da ma'aikatan kiwo, amma kada jiran ya hana fara allura. Maigida da uwargida su ƙirga tare: da kwikwiyo ya cika wata 3, a nemi ma'aikatar kiwo a Tasawa ko Mayahi, ko likitan dabbobi mafi kusa, a yi masa allurar, a karɓi takarda a adana, a kuma maimaita ta kowace shekara. In maigida zai yi tafiya kafin lokacin, ya bar kuɗin allurar a hannun uwargida kafin ya hau mota.